Fensirin Eli Waduba Ya Sace Mini Zuciya

Sai da muka yi musu a teburin mai shayi a Ƙanƙara. Na miƙa wa abokina waya, ya ƙura mata ido, ya ce, "Haba malam, wannan ai kyamara ce ta ɗauka." Na ce masa zane ne, da fensir aka yi shi. Ya ja fuskar wayar da yatsu biyu, ya dubi gashin gemu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar ido, sannan ya ajiye kofinsa ya ce, "Tabarkalla!"

Fuskar Kevin Hart ce, ɗan wasan barkwancin nan na Amurka, wanda ya zana ta kuwa matashi ne da ke zaune a Kaduna a lokacin, Eli Waduba Yusuf. A watan Fabrairun 2019 ya saka zanen a Twitter, ya roƙi jama'a su yaɗa har ya kai ga mai fuskar. Ya kuwa kai. Kevin Hart ya amsa cewa zai saya, kuma zai biya shi ya zana masa abokansa uku. Tun ranar nake bibiyar aikin Eli, kuma har yau ban gaji da kallo ba.

Abin da ke burge ni shi ne haƙurin da ke cikin aikin. Irin wannan zane sai an bi shi sannu a hankali: a shimfiɗa fensir sama-sama, a murje da auduga har inuwa ta kwanta, a ƙara baƙi da gawayi, sannan a ɗauki abin goge rubutu a tsamo haske a kan hanci da goshi. Kowane ramin gumi na fata da hannu ake ɗiga shi. Fuska ɗaya kan ci kwanaki, wani lokaci makonni. Da baƙi da fari kawai Eli ya zana Kevin Hart, amma sai ka ji kamar mutumin zai buɗe baki ya gaishe ka. Wallahi wannan baiwa ce daga Allah, kuma ya riƙe ta da kyau!

Shi da kansa ya ce burinsa ya zama kamar Arinze Stanley na Legas, gwanin irin wannan zane. A Legas ɗin ne kuma Kareem Waris, yaro ɗan shekara 11, ya zana shugaban Faransa Emmanuel Macron a 2018. Mu ma nan Arewa muna da tushe, domin a Zariya aka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a 1958, wadda ta fitar da su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, kuma har gobe ana koyar da zane a Jami'ar Ahmadu Bello. Hukuncin zanen mai rai fagen malamai ne, kowa ya nemi fatawa wurin malaminsa. Ni gwanintar hannu nake yabo.

Duk lokacin da na kalli aikin Eli, mutanenmu nake tunawa. Tun da aka sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, duniya da lissafi ta san mu: an kwashe kaza, an sako 344. Faskari da Sabuwa ma sai a labarin hari ake jin sunansu. Alhali kowane ɗaya daga cikinmu fuska gare shi. Ga dattijon da ke cinikin shanu a kasuwar Sheme, rana ta ƙona masa goshi, rawani ya sha ƙura. Ga tsohuwar Sabuwa mai sussukar masara, da tsagen gado a kumatunta. Idan hannu irin na Eli ya zana su, wanda ya gani a Abuja ko Landan zai tsaya ya dube su a matsayin mutane.

Eli Waduba ya ciri tuta, kuma ina yi masa jinjina ta musamman. Kirana ga iyaye da malaman makarantunmu shi ne, idan kuka ga yaro yana zane a bayan littafinsa, kada ku ƙwace fensirin. Ku saya masa takarda, ku nuna masa aikin Eli.