Wa Za A Jefa Cikin Teku? Al'adar Ƙaddara Misali a Fiƙihu da Falsafa

A ƙarni na 8, wani ɗalibi mai suna Asad bin Furat ya taso daga Ƙairawan, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya je Madina ya zauna gaban Imamu Malik. Littattafan tarihin malaman Malikiyya sun nuna cewa Asad mai naci ne wajen tambaya. Malam zai amsa mas'ala, shi kuma sai ya juya ta: to in da abin kaza ne fa? A ba shi amsa, ya sake juyawa. Da abin ya yi yawa, Malik ya nuna masa cewa in irin wannan karatun yake nema, to ya nufi Iraƙi. Malik ba ya son fatawa kan abin da bai auku ba, malaman Kufa kuwa sun yi suna wajen ƙaddara mas'ala su warware ta tun ba ta zo ba. Asad ya tafi Iraƙin, kuma tambayoyin da ya kwaso daga can ya kai wa Ibnul Ƙasim a Masar su ne asalin Mudawwana ta Sahnun, uwar littattafan mazhabar da mafi yawan Hausawa ke bi.

Masana falsafa sun ɗauki wannan dabara ta ƙaddara abin da bai faru ba sun kai ta nesa. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce a ƙaddara mutum da aka halitta yanzu-yanzu da cikakken hankali, yana rataye a sarari, ba ya gani, ba ya ji, gaɓoɓinsa a ware ba wadda ke taɓa wata. Zai san da samuwar kansa? Ibnu Sina ya ce zai sani, ko da bai san yana da jiki ba. Aikin irin wannan misali ke nan: a kwashe duk abin da ke kewaye da tambaya har ta tsaya ita kaɗai.

Inda dabarar ta fi zafi shi ne kan rai. A cikin Al-Mustasfa, Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin maƙiyan da suka yi garkuwa da Musulmin da suka kama. In an harba, za a kashe marasa laifi. In an janye, maƙiya za su mamaye ƙasa su kashe kowa, har da waɗanda suka yi garkuwar da su. Gazali ya ga ana iya halatta harbin, amma da sharaɗi uku: abin ya zama larura, a sami yaƙini a kansa, kuma ya shafi al'umma ɗungurungum. Sai ya kawo wani misali kusa da shi. Mutane na cikin jirgin ruwa zai nutse, in sun jefa ɗaya cikin teku sauran za su tsira. Nan ya ce a'a. Mutanen jirgi adadi ne ƙididdigagge, ba al'umma ba ce, kuma babu wanda ya fi wani cancantar a jefa shi. Ƙuri'a ma bai ga tana da madogara ba a nan.

Lissafin misalan biyu iri ɗaya ne, kaɗan su mutu da yawa su tsira, amma hukuncin ya bambanta. Da haka aka gane cewa ba yawan kawuna ne kaɗai ke yanke hukunci ba.

Fiye da shekara 850 bayan haka, a 1967, wata malamar falsafa ta Ingila, Philippa Foot, ta bi irin wannan hanya. Taragon jirgi ya ƙwace wa direba, a gabansa ma'aikata biyar na aiki kan layin dogo, a ɗaya layin kuma mutum guda. Yawancin mutane sukan ce ya karkata wajen gudan. To amma alƙalin da zai ɗora wa marar laifi hukuncin kisa don ya kwantar da tarzomar da za ta ci rayuka da yawa fa? Nan kowa sai ya ja da baya. Judith Jarvis Thomson ta Amurka ta ƙara matse tambayar da mutumin da ke tsaye kan gada, wanda in an hankaɗa shi gaban taragon jikinsa zai tare shi, biyar ɗin su tsira. Ta kuma sa wani ɗan kallo a gefen hanya da ikon sauya wa taragon layi. Thomson ta daɗe tana ganin ɗan kallon yana da damar yin haka, sai a 2008 ta rubuta cewa ta sauya ra'ayi. Wannan ba gazawa ba ce. Shaida ce cewa misalin ya yi aikinsa har a kan mai shi.

Sai dai akwai abu guda da waɗannan misalai ke ba mutum kyauta wanda rayuwa ba ta bayarwa, wato yaƙini. Mai ƙaddara misali ya riga ya rufe kowace ƙofa: birki ba zai kama ba, ihu ba zai isa kunnen ma'aikatan ba, ceto ba zai zo ba. Gazali ya cancanci yabo da ya fito da wannan fili ya mai da shi sharaɗi, domin wanda ke cikin bala'i na gaske ba ya samun wannan tabbaci.

A watan Yuli na 1884, wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Mignonette da ya taso daga Ingila zuwa Ostareliya ya nutse a tekun Atilantika. Mutum huɗu suka faɗa kwale-kwalen ceto da gwangwani biyu na abinci, babu ruwan sha. Sun kama kunkurun teku guda, shi ma ya ƙare. Ƙaraminsu, Richard Parker, ɗan shekara 17, ya sha ruwan gishiri ya kwanta rai a hannun Allah. An yi maganar ƙuri'a, ba a kaɗa ba. Bayan kusan kwana 20, shugaban jirgin, Tom Dudley, da amincewar abokin tafiyarsa Edwin Stephens, ya yi addu'a, ya sa 'yar wuƙar aljihu ya yanka yaron, suka rayu da namansa. Kwana huɗu bayan haka wani jirgin Jamus ya tsince su. Da suka iso gida, da bakinsu suka ba da labari, suna ganin al'adar matuƙan jiragen ruwa ta wanke su. Kotu ta ce larura ba ta halatta kisan kai, ta yanke wa su biyun hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin wata shida. Babu wanda zai iya rantsuwa cewa da sun haƙura duk za su kai ga ceto, ko kuma duk za su mutu. Dudley ya yi aiki ne da zato, kuma wanda zaton ya faɗa wa shi ne mafi rauni a cikinsu.

Yau tambayar ta koma hannun masu ƙera motoci masu tuƙa kansu, domin dole a rubuta wa kwamfuta abin da za ta yi tun hatsari bai auku ba. Masu bincike a jami'ar MIT sun wallafa a 2018 sakamakon zaɓi kusan miliyan 40 da mutane daga ƙasashe da yankuna 233 suka yi kan wa mota za ta kauce wa, kuma akasari sun fifita yara a kan tsofaffi. Kwamitin da gwamnatin Jamus ta kafa kuwa ya riga ya yanke a 2017 cewa kada mota ta bambanta mutane da shekaru, ko jinsi, ko lafiyar jiki da ta hankali, ko da yake bai hana a tsara ta yadda za ta rage yawan waɗanda za su ji rauni ba.