Maganar da aka haɗiye: tsokaci kan tambayoyin gwada tunani

A hutun da ya wuce wani abokina mai lisansi a fannin shari'a ya zo fadarmu da tarin takardu, fotokofin fotokofi, har wasu harufan sun shanye. Tambayoyin LSAT ne, jarrabawar da masu neman shiga makarantun lauyoyi na Amurka da Kanada suke yi. Burs yake hange. Ya ce tunda ni ilimin harshe nake karanta, in taya shi da Ingilishin. Dare uku muka yi a kansu, butar shayi ba ta sauka daga wuta ba. A dare na uku ya tura takardun gefe ya ce: "Ashe dai kaina ba ya ja." Wannan maganar ce ta sa na ɗauki bik.

Ga yadda abin yake. Ana ba ka ɗan sakin layi, wani yana kafa hujja. Sai a tambaye ka: wane zato ne hujjar ta dogara da shi? Ko kuwa: wace magana ce, in ta tabbata, za ta fi raunana ta? Amsoshi biyar, ka zaɓi ɗaya. Minti 35 ne ga tambayoyi wajen 25, wato ko minti ɗaya da rabi ba ka da shi a kan kowace. Tun watan Agustan 2024, biyu daga cikin sassa uku da ake ba wa maki irin wannan ne.

Bari in ƙirƙiro misali da namu kayan. "An kafa fitilun sola a wata unguwa. Shekarar da ta biyo baya, ƙarar sata da ake kai wa kwamisariya ta ragu. Saboda haka fitilun sun rage sata." Karanta da sauri, magana ce mai kyau. To amma duba inda aka tsallaka. Dalilin yana magana a kan ƙarar da aka kai, hukuncin kuma yana magana a kan satar kanta. Tsakaninsu akwai gadar da mai maganar bai ambata ba: cewa yawan ƙara yana tafiya daidai da yawan sata. Zaton ke nan. In kana son raunana hujjar, gadar za ka sara. Ka ce a shekarar an mai da kwamisariyar bayan gari, mutane suka daina biyan kuɗin kabu-kabu don kai ƙarar akuya. Ba ka ƙaryata fitilu ba, ba ka ƙaryata lissafi ba, amma hukuncin ya rasa wurin tsayawa.

Akwai dabarar da masu koyar da jarrabawar suke bayarwa, kuma wallahi ta cancanci kuɗin fotokofin. In kana shakkar ko wata amsa ita ce zaton da hujja ba ta rayuwa sai da shi, ka kore ta, ka ɗauka ƙarya ce. In hujjar ta rushe, ka kama ginshiƙi. In tana nan tsaye, ado ne kawai ka taɓa.

A nan dole in yaba. A ajin filo na taminal an koya mana hujja cikakkiya: kowane mutum mai mutuwa ne, Sokrat mutum ne, sai hukunci. Amma wa yake magana haka a kasuwa? Aristotal da kansa ya lura cewa mai jawabi yakan bar ɗaya daga cikin dalilansa ba a faɗa ba, mai sauraro ya cike da kansa. Saƙonnin muryar da ake turo mana a WhatsApp duk haka suke: wane ya sha wannan jiƙo ya warke, saboda haka jiƙon magani ne. Bayan dare ukun nan, kunnena ya fara jin ramin da ke cikin irin wannan magana tun kafin mai ita ya rufe baki. Ba ƙaramin amfani ba ne. (Kuma ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar nan. Al-Magili, wanda ya ratsa Ayar da Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya kare ilimin manɗiƙ a gaban Suyuɗi na Masar, kuma Sullam na Al-Ahdari ya daɗe ana karanta shi a zaurukan malamai.)

Yanzu ga inda na saɓa da takardun.

Da muka koma kan tambayoyin da abokina ya faɗi, sai na ga da yawa ba a gadar ya zame ba. A kan ƙananan kalmomi ne. Babbar mai kā da shi ita ce wadda za mu fassara da "wasu". A dokar jarrabawar ma'anarta ita ce: aƙalla ɗaya, mai yiwuwa ma duka. To kai mai karatu, in na shigo fada na ce "wasu ƴan ajinmu sun ci bak", me ka ji? Ka ji cewa wasu sun faɗi, har ka fara tambayar su wa da wa. Hausa ma ta ƙara ɗaure abin, domin kalma ɗaya ce take riƙe da ɓangarorin biyu: wasu sun zo, wasu ba su zo ba. Da ka ji na farko, kunnenka yana jiran na biyu.

Masanin falsafa Pol Girais na Ingila ya yi bayanin wannan a wata maƙala da ta fito a 1975. Mai sauraro yana ɗauka cewa mai magana zai faɗi iyakar abin da ya sani. In da duka ne suka ci, da ya ce duka. Ma'anar "ba duka ba" daga ladabin zance take fitowa, shi ya sa ake iya janye ta ba tare da an ƙaryata kai ba: "wasu sun ci, kai, duka ma sun ci." Jarrabawar tana so ka kashe wannan ladabin ka karanta kalma tsirara. Wannan al'ada ce ta wani fage, kamar dokar dara, kuma ana koyon ta. Ɗan Amurka ma sai ya koya. Bambancin shi ne yana koyo cikin harshen da ya sha a nono, abokina kuwa yana ratsa Ingilishi zuwa Faransanci zuwa Hausa ya dawo, agogo yana gudu.

Wannan ya tuno mini da Aleksanda Luriya, masanin halayyar ɗan Adam na Tarayyar Sobiyat, da ya je ƙauyukan Uzbekistan a 1931 da 1932. Yakan ce wa manoman da ba su yi lakkol ba: a can arewa mai ƙanƙara duk dabbar nan da Faransawa ke kira urs fara ce, wuri kaza yana can arewa, wane launi ne urs ɗin wurin? Da yawansu suka ƙi amsawa, suka nuna cewa ba su taɓa zuwa can ba, kuma ba sa magana a kan abin da ba su gani ba. An daɗe ana karanta wannan a matsayin gazawa. Ni abin da na ji shi ne dokar shaida, gani ya kori ji. Baƙo ya zo da magana, an ƙi sa hannu a kanta. Manomin da ke cewa "da an yi ruwa a watan bakwai da gero ya yi" ya san yadda ake tunani a kan abin da bai faru ba. Abin da bai sani ba shi ne wasa ake yi, kuma dokar wasan ita ce ka karɓi dalilan yadda aka ba ka.

Sai rauni na biyu, wanda ba sai na tsawaita ba. Sakin layin jarrabawa an gina shi da rami da gangan, an kuma ajiye maka amsar cikin biyar. Jawabin ɗan siyasa ramukansa goma ne, kuma ba mai miƙo maka jerin zaɓi.

Don adalci, masu shirya LSAT abin da suke iƙirari ƙarami ne: makin yana taimakawa wajen hasashen yadda ɗalibi zai yi a shekarar farko ta makarantar lauyoyi. Babban hukuncin, abokina ne ya yanke wa kansa. Saboda haka na rubuta masa hujjarsa a bayan takardar, irin yadda suke rubuta tasu: "Na faɗi tambayoyi da yawa. Saboda haka kaina ba ya ja." Na ce ya nemo zaton. Ya yi shiru, sannan ya ce: sai in babu abin da ke shiga tsakanin kai da amsa, ba harshe, ba agogo, ba dokar wasa. Na ce ya kore shi ya gani. Ya yi dariya ya jawo takardun. Muka ware shafi guda muka jera ƙananan kalmomin, kowace da ma'anarta ta fada da ma'anarta ta jarrabawa, muka fara da "wasu".