4.2 Karkatar Gaskiya Ta Fi Kwabo da Rediyon Kaduna Wajen Ba da Labarin 'Yan Adawa

A babi na uku an kawo tarihin kafuwar kafofin watsa labarai na Hausa a ƙasar Zazzau. A wannan sashe kuwa za a ɗora biyu daga cikinsu a kan ma'auni, wato jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da gidan Rediyon Kaduna, domin a ga yadda suka riƙa ba da labarin masu ja da sarakuna da gwamnati. An zaɓi waɗannan biyu ne saboda su ne suka fi kutsawa ƙauyukan arewacin Jihar Kaduna, irin su Kurmin Kogi da sauran garuruwan Ikara da Maƙarfi da Kudan. Manomin rake ko tumatir na wannan yanki ba ya haɗuwa da jaridar Turanci sai in an ƙunsa masa tsire a cikinta ranar kasuwa. Abin da ya sani game da gwamnati, ko dai wani malamin makaranta ne ya karanto masa daga Gaskiya, ko kuwa ya ji shi daga akwatin rediyon da ke rataye a kafaɗarsa. Saboda haka idan waɗannan kafofi biyu suka karkata, babu wata ta uku da za ta daidaita masa zance.

Ra'ayin wannan nazari shi ne, son zuciyar kafofin nan bai cika fitowa ta hanyar ƙarya ƙiri-ƙiri ba. Ya fi fitowa ta hanya biyu: wa aka bai wa baki, da kuma wane suna aka kira wanda ba a ba shi ba.

4.2.1 Mai Abu da Abinsa

Tun farko dai ba a kafa ko ɗaya daga cikinsu don ta zama dandalin kowa da kowa ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939, a ƙarƙashin kulawar Dokta Rupert East, Malam Abubakar Imam kuma shi ne editanta na Hausa. Gwamnatin Turawa ce ta ɗauki nauyinta, kuma cikin manufofinta har da kashe jita-jita da kare kunnen 'yan Arewa daga abin da jaridun Ikko ke yaɗawa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, wanda ya fito da Nigerian Citizen a 1948, ita ce kuma New Nigerian ta gada a Kaduna ranar 1 ga Janairu, 1966. Rediyon Kaduna kuwa gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta kafa shi a 1962.

Ba adalci ba ne a ce Imam ɗan amshin shatan Turawa ne kawai. Tarihin rayuwarsa da Abdurrahman Mora ya tsara aka buga a 1989 ya nuna ya sha kokawa a kan zaluncin ma'aikatan En'e da yadda Turawa ke wulaƙanta 'yan boko, har ya kai kukan ga Lugga bayan tafiyarsa Ingila a 1943. To amma sukar Imam suka ce ta ɗan gida, wanda ke son a gyara soro ba tare da an taɓa tushen gini ba. A wannan tafiyar ce ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya tsara. Yana kuma cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. Da wuya jaridar da editanta ke cikin jam'iyya guda ta riƙe ma'auni daidai tsakanin wannan jam'iyya da abokiyar hamayyarta, ko da kuwa editan mutumin kirki ne.

Abokiyar hamayyar ita ce NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. A wancan zamani ɗan NEPU ba ya lacca sai da izinin En'e, wato sai da izinin waɗanda zai soka. In ya yi ba izini, ko ya ambaci sarki da abin da aka ɗauka rashin kunya ne, kotun alkali na jiransa da bulala ko gidan yari. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, an ƙiyasta an ɗaure ta sau 16. Ga kuma ƙananan jaridun larduna da Hukumar NORLA ta fitar a shekarun 1950, irin su Bazazzaga ta Zariya da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Zaruma ta Sakkwato, dukkansu a inuwar hukuma suke. Dole 'yan Sawaba suka jingina da Daily Comet, jaridar Azikiwe da ake bugawa a Kano, da kuma waƙa da lacca a bakin kasuwa. Wannan jingina ta zama wani makami a hannun abokan hamayyarsu, domin sai aka riƙa nuna su a matsayin 'yan koren mutanen Kudu.

4.2.2 Karkata a Cikin Harshe

A nan ne ɗalibin Hausa ke da abin cewa fiye da ɗalibin siyasa. Harshen labarai na Hausa ya gaji ladubban fada, kuma waɗannan ladubba suna yanke hukunci tun kafin a kai ga labarin kansa. Idan aka ce Mai Martaba “ya yi kira”, ko Mai Girma “ya gargaɗi” jama'a, ko “ya ja kunne”, an riga an ɗora mai maganar a kan kujerar uba, mai sauraro kuma ya zama ɗa. Idan kuwa aka ce wane “ya yi iƙirari”, ko “ya yi zargi”, ko “ya yi ƙorafi”, to an mai da shi mai ƙara da ke jiran shaidu. Duka biyun suna iya zama gaskiya a zahiri, domin kowa ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Bambancin yana cikin aikatau ɗin da aka zaɓa.

Babu kalmar da ta kai “wai” iya wannan aiki. Harafi uku ne kacal, amma in mai karanta labarai ya sa ta a gaban maganar mutum, ya zare hannunsa daga maganar ke nan, ya kuma sanar da mai sauraro cewa shi kansa bai gaskata ba. Ba a saba jin an sa wa maganar sarki “wai” ba. Haka nan kalmomi irin su “zaman lafiya” da “biyayya” da “ladabi”, waɗanda babu Bahaushen da zai ƙi su, sai suka zama kamar mallakar ɓangare guda, aka bar wa ɗaya ɓangaren “fitina” da “tsageranci” da “ta da zaune tsaye”. Mutumin da ya ce an ƙwace masa gona, in aka ba da labarinsa a matsayin barazana ga zaman lafiya, maganar gonar ta riga ta ɓace.

Fassara ma ta taimaka. Yawancin labarai da Turanci suke zuwa, daga ma'aikatar watsa labarai ko daga kamfanin dillancin labarai na ƙasa, sannan a mayar da su Hausa cikin gaggawa. Masu neman sauyi sai su fito a Hausa a matsayin “masu tsattsauran ra'ayi”, lafazin da ke sa kunnen Bahaushe ya jiyo taurin kai da rashin jin magana. Su kuma 'yan mazan jiya sau da yawa ba a ba su wani laƙabi ko kaɗan, sai dai a ce “shugabanni” ko “dattawa”. Wanda ba a laƙaba wa suna ba shi ne ake ɗauka a tsakiya yake.

4.2.3 Zamanin Balarabe Musa

Jamhuriya ta biyu ta ba da misali mafi kusa ga mutanen Ikara. A 1979 Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, mutumin Kaya, ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN a zaɓen gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa har da Katsina. Amma NPN ce ta kwashe kujeru 64 daga cikin 99 na majalisar dokoki. Gwamnan ya soke haraji da jangali, ya kuma kafa hukumar binciken filayen da aka ƙwace wa talakawa. Waɗannan matakai biyu sun taɓa kowane ƙauye kai tsaye, domin karɓar haraji da rabon gona su ne ƙarfin dagaci da hakimi a kan talaka. Majalisa ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinoninsa, har ta tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981, bai taɓa samun majalisar zartarwa ba.

A wannan lokaci kafofin biyu duk suna hannun Gwamnatin Tarayya, wadda NPN ke riƙe da ita. An karɓe kamfanin New Nigerian, mai buga Gaskiya, tun 1975, Rediyon Kaduna kuma ya shiga ƙarƙashin hukumar FRCN a sauyin da aka yi a 1978. Wannan sauyi ya bar wa jihohi tashoshi masu matsakaicin zango, gajeren zango mai nisan tafiya kuwa ya zauna a hannun Tarayya. Ga kuma dangantakar mutane: Malam Adamu Ciroma, ɗan ƙasa na farko da ya zama editan New Nigerian, ya zama jigo a NPN kuma minista a gwamnatin Shagari. Ba abin mamaki ba ne da 'yan PRP suka riƙa zargin kafofin da zama kakakin abokan hamayyarsu.

Sai dai akwai abin da ake iya faɗa don kare gidan rediyon. Shirye-shiryen hira irin su Hannu da Yawa sun buɗe wa manyan 'yan siyasa na jam'iyyu daban-daban ƙofa. A fagen addini ma, bayan an daɗe ana sa tafsirin Shehu Abubakar Gumi, an zo an ba Shehu Ɗahiru Usman Bauchi fili domin mabiya ɗariƙu. Wannan ya nuna gidan ya san yadda ake raba daidai. Amma idan aka lura, yakan raba daidai ne a inda ɓangarorin biyu duk suke da manya da za su iya buga tebur. Talakan da aka kafa hukumar filaye dominsa, muryarsa ta fi fitowa a shirin gaishe-gaishe na Zaɓi Sonka.

Martanin 'yan adawa shi ma abin dubawa ne, domin bai wanke su ba. Gwamna Abubakar Rimi na Kano ya kafa kamfanin Triumph a 1980, wanda ya fitar da Albishir da boko da Alfijir da ajami. Waɗannan sun yi wa gwamnatinsu irin hidimar da ake zargin Gaskiya na yi wa NPN, kuma da PRP ta rabe gida biyu, Santsi da Taɓo, sai 'yan Taɓo na Malam Aminu Kano suka koma su ne masu kukan an toshe musu baki. Ƙarshen wannan ja-in-ja ya yi muni. Ranar 10 ga Yuli, 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero, 'yan tarzoma suka kai wa gidan Rediyon Kano da ofishin Triumph hari, suka kuma kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Kwana 17 ke nan bayan tsige Balarabe Musa.

4.2.4 Rikicin 1987 da Iyakar 'Yanci

Zargi mafi nauyi da aka yi wa Rediyon Kaduna ya biyo bayan rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona coci-coci da yawa. Shugabannin Kirista da wasu malaman Jami'ar Ahmadu Bello sun ɗora wa gidan rediyon alhakin ruruta wutar, saboda yadda ya riƙa maimaita labarin asarar da Musulmi suka yi a Kafanchan. Matthew Hassan Kukah ya tattauna wannan zargi a littafinsa na 1993 kan addini da siyasa a Arewa. Masu kare gidan kuwa suka ce jaridun Ikko sun daɗe suna ba da labarin Arewa a karkace, don haka rufe bakin Rediyon Kaduna daidai yake da rufe bakin Arewa baki ɗaya. Kowane ɓangare ya kira abin da yake so 'yanci, ya kira abin da ɗan'uwansa ke so tunzura jama'a. Hujjar masu karewa tana da ƙarfi ta fuskar jaridun Kudu, amma ba ta amsa tambayar da ta fi muhimmanci ba, wato wace Arewa ce gidan yake magana da yawunta, tunda mutanen Kafanchan da 'yan Sawaba da manoman Ikara duk 'yan Arewa ne.

Tsarin mulkin 1979 da kansa ya ɗaure wannan ƙulli. Sashe na 36 ya ba kowa 'yancin faɗar albarkacin bakinsa, amma a cikin sashen aka ce babu mai mallakar gidan rediyo ko talabijin sai Gwamnatin Tarayya ko ta jiha ko wanda Shugaban Ƙasa ya yarje wa. Ga al'ummar da ta fi dogara da kunne fiye da karatu, wannan togaciya ta cinye rabin 'yancin. Sai a 1992, da Doka ta 38 wadda ta kafa hukumar NBC, aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa.

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta daina fitowa bayan durƙushewar kamfanin New Nigerian, gidajen rediyo masu zaman kansu kuma sun yawaita a Kaduna da Zariya da Kano. Mutumin Kurmin Kogi yana iya murɗa akwatinsa ya ji ana caccakar gwamna da sunansa, abin da zai kai kakansa gaban alkali a 1955. Sai dai yawancin filayen siyasa na waɗannan gidaje saye ake yi da kuɗi, masu magana a cikinsu kuma su ne ake kira sojojin baka, kowanne da ubangidan da ke biya masa kuɗin fili. Yadda wannan ciniki ya shafi harshen labarai shi ne abin da sashe na 4.3 zai duba.