Ba Ni Gari: Kacici-kacici da Kartar Taron Dangi

Wasu masu rubutu kan tarbiyyar yara sun ɗauko wata magana suna ta nanatawa, wai duk wasannin Bahaushe na kayar da juna ne. Sai su lissafo dara da langa da kokawa da dambe, su ce ko'ina akwai gwani akwai wanda aka kayar, shi ya sa yaronmu ke tashi bai iya haɗa hannu da ɗan'uwansa ba. Maganin da suke kawowa shi ne irin kartar nan ta Turai wadda iyali ke zama su yi tare, babu mai cin wani, ko dai a ci wasan baki ɗaya ko wasan ya cinye kowa. Wannan hukuncin wanda ya kalli dandali da rana ne, bai shiga tsakar gida bayan sallar isha'i ba. A Taloka da ƙauyukan da ke bin gulbin Rima daga Goronyo zuwa Wurno, akwai wasan da ake yi wa taron dangi tun kafin a buga katin farko na waccan karta, sunansa kacici-kacici.

Bari in ba kartar haƙƙinta tukuna, domin ba ƙinta nake yi ba. A shekarar 2000 wani Bajamushe, Reiner Knizia, ya fitar da wasan tebur a kan labarin The Lord of the Rings, inda 'yan wasa ke haɗa kai su yaƙi wasan da kansa. Matt Leacock ya biyo da Pandemic a 2008, wanda ake taruwa a kashe annoba. A 2011 kamfanin Fantasy Flight Games na Amurka ya mayar da labarin Tolkien karta zalla. Kowa na riƙe da jarumai har uku, a tsakiya kuma ga tulin katin masifu: dodanni, ƙattin gizo-gizo, dazuzzuka masu duhu. Kowane zagaye sai a buɗe sabo a ga abin da ya fito, kuma duk wanda ma'aunin haɗarinsa ya kai 50 ya fita. Wannan ba irin Whot ba ce da samari ke bugawa a gindin bishiya, wadda William Storey ya ƙirƙiro a Ingila a 1935, kuma babu kuɗi a cikinta balle a kira ta caca. Iyayen da ke ƙyamar duk wani abu mai suna karta suna da dalilinsu, sun ga gidajen da caca ta rusa, ba kuwa zan yi jayayya da su a nan ba.

Ɗan yayata da ke karatu a Abuja ya taɓa zuwa da ita hutun salla, muka zauna da ƙannena da 'ya'yansu. An yi nishaɗi, amma kafin dare ya raba wasan ya koma hannun mutum ɗaya. Shi ke karanta Turancin da ke jikin kati, shi ya san doka, sai ya zama shi ke cewa wance ajiye wannan, wane riƙe wancan. Masu ƙera irin waɗannan wasanni sun san wannan ciwo sarai. Antoine Bauza, Bafaranshen da ya yi Hanabi a 2010, sai ya sa kowa ya riƙe katinsa yana kallon waje, ka ga na kowa ban da naka, aka kuma ƙayyade yawan alamun da za a ba juna. Thomas Sing a wasansa The Crew na 2019 ya kusan hana magana ɗungurungum. Wato sai da aka ɗaure wa iyali baki kafin su iya wasa tare ba tare da wani ya danne saura ba. A kacici-kacici kuwa bakin shi ne wasan.

Tarihin rubuta namu wasan gajere ne. Wani Bature, Schön, ya buga Magana Hausa a 1885. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa a Belfast tsakanin 1911 da 1913, kuma da yawa daga abin da ke ciki malaman Sakkwato ne suka rubuta shi da ajami a zamanin Razdan Burdon. Ibrahim Yaro Yahaya ya shigar da tatsuniyoyin aji da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Dukansu sun yi mana aikin da ba za mu iya biya ba. Sai dai takarda na son tambaya a hagu, amsa a dama, kuma haka kacici-kacici ya iso hannun ɗalibi: jeri. Daga nan manazarta suka sa shi a cikin zantukan hikima, kusa da karin magana, suna auna siffantawa da kamantawa. Wannan rabon ya yi kuskure, domin ya yar da wurin da wasan yake.

Wasan yana farawa ne daga lokacin da aka kasa. Kaka ta ce: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Yara takwas ko goma a kan tabarma, kowa na jefo tasa. Wani ya ce dawa, wata ta ce gashin kai, ƙaramin cikinsu ya ce tumakin Baba, a yi dariya. Kowace amsa da ta faɗi tana rage wa saura hanya, domin wadda ta ji an ƙi dawa ta san ba a gona abin yake ba. Idan ɗaya ya ce tsintsiya, dukansu ne suka tsira, ba wanda zai ce shi kaɗai ya ci. Idan kuwa suka gaji, sai kaka ta ce: "To, ku ba ni gari." A nan ne nake so mai nazari ya tsaya ya daɗe.

Da farko, bashin na kowa ne. Ba a cewa wane ya kasa, cewa ake mun kasa, kuma garin da za a biya da shi sai an yi shawara. Yara su haɗa kai su yi ƙus-ƙus, su fara da mai araha. "Kaka, mun ba ki Goronyo." Ta ce ba ta so, kowace Lahadi jikokinta na cin kasuwar, me za ta gani sabo? "Mun ba ki Rabah." Ta ce garin Sardauna ne, ta gode, amma a ƙaro. Su ce Wurno, su ce Sakkwato, wani mai ƙarfin hali ya ce Kano. Wannan ciniki ne sosai, da tayi da albarka, kuma dukiyar da ake kashewa ita ce sanin duniya. Yaron da ya san sunan gari biyar ya fi amfani ga tawagarsa a kan wanda ya san biyu. Yarinyar da kawunta ya je ci-rani Legas ko Agadas tana da abin da za ta fitar a ƙarshe idan an matsa. Babu wanda ya koya wa yaran nan taswira, amma sun san Illela na bakin iyaka, sun san bayanta Ƙonni take, domin sun taɓa biyan bashi da su.

Na biyu, mai karɓar gari ba ya cewa na karɓa ya yi shiru. Dole ya shiga garin a gaban kowa. Kaka ta gyara zama ta ce ta hau ingarma ta nufi Wurno, ta ziyarci hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, an sauke ta a gidan sarki, an kawo mata shinkafar fadama da kaza, ta ci ta ƙoshi, ta cika buhu da albasa da tafarnuwa, ta bar wa jikokinta ƙanzo da wankin tukunya. Yara su yi ta ihu suna cewa ba su yarda ba, a ɗan rage musu ko ƙafar kaza. Dubi abin da ya faru: an mayar da faɗuwa labari. Waɗanda suka kasa sun sayi tafiya da kasawarsu, kuma sau da yawa tafiyar ta fi amsar daɗi. Na sha ganin yaro ya san amsa ya haɗiye ta, don kawai yana so ya ji yadda kaka za ta shiga Kano. A kartar Turai idan dodo ya cinye ku sai a tattara kati a sake rabawa. Ban san wasan tebur ko ɗaya da ke ba wanda ya faɗi lada irin wannan ba.

Na uku, sai an gama cin garin kafin a faɗi amsa, amsar kuma ta zama ta kowa har abada. Kacicin da ya ci Sakkwato yau, gobe ba zai ci ko unguwa ba, domin kowa ya sani. Dole mai tambaya ya nemo sabo, ko ya jira baƙo. Shi ya sa zuwan amarya daga wani gari, ko gwaggo da ta zo wankan jego, ke tayar da wasan: ta zo da kacicin da ba a taɓa ji ba a gidan. Masu karta kuɗi suke sawa su sayi ƙarin kati idan na hannu ya tsufa. Mu aure da zumunci ke kawo mana ƙari.

Za a ce ai kaka abokiyar hamayya ce, to ina taron dangin? Kaka tana zaune ne a mazaunin tulin katin nan na tsakiya, ita ce dodon da aka taru a kai. Bambancin shi ne tana da ido. Ta ga ƙaramin ya kusa kuka, sai ta jefo mai sauƙi, "Baba na ɗaka gemu na waje", ta kuma kalli murhu don ya gane hayaƙi ne. Ta ga babbar jikar ta fara girman kai, sai ta ɗauko wanda zai sa ta biya Makka. Kati ba ya sanin wanda ke gabansa. Sannan kujerar ba tata ba ce ita kaɗai. Wanda ya cinka shi ke tambaya ta gaba, sai ka ga ɗan shekara shida ya tsare tsohuwa yana cewa a ba shi gari, ita kuma tana roƙo: "Haba maigidana, ka karɓi Achida mana."

Wannan kalma ta maigida ita ce ta kawo ni ga abin da na fi damuwa da shi. Hoton iyalin da kartar Turai ke nufi uba ne da uwa da 'ya'ya biyu a tebur. Masu son a kwafo shi sun manta da kunya. A gidajenmu uba ba ya zama ya yi raha da ɗan farinsa, uwa ma ko sunansa ba ta faɗa. Wanda ya ce a tara su a tabarma ɗaya su yi ta gardama kan kati, ya nemi abin da gidan ba zai bayar ba, in kuwa ya bayar to an fasa wani abu. Al'ada ta riga ta ware waɗanda wasa ya halatta a tsakaninsu: kaka da jika, waɗanda take kira miji ko kishiya, da taubasai, ɗan mace da ɗan namiji. Kacici-kacici a kan wannan hanya yake gudu. Uba na iya kishingiɗa a ƙofar ɗaki yana ji, wani lokaci ya yi gyaran murya ya jefo sunan gari daga nesa, ya taimaki yaran bai zubar da girmansa ba. Ina ganin duk wasan iyali da bai san wannan tsari ba, baƙo zai zauna a ƙasar Hausa komai kyansa. Ina kuma ganin raunin da kacici-kacici ya yi a birane bai zo daga waya ko talabijin ba kamar yadda ake yawan faɗa. Ya zo ne daga gidan da babu kaka a cikinsa.

A gabashin Sakkwato maganar ta wuce ta nishaɗi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda 'yan bindiga, har da Goronyo da Rabah. A ranar 17 ga Oktoba na shekarar aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe fiye da mutum 40. Dandali ya mutu a ƙauyuka da yawa, gaɗa da wasan farin wata suka tsaya, yara suka koma cikin gida tun magariba. Wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san aikin da aku ya yi a littafi na farko: riƙe ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Tsofaffin matan yankin nan aikin da suke yi ke nan, ba fitila, ba kwali, ba Turanci. Yaron da hanyar Sabon Birni ta gagare shi yana iya ba da Sabon Birni, ya kuma ji an shiga garin lafiya an fito lafiya.

Abin da nake roƙon ɗaliban Sashen Nazarin Harsunan Najeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shi ne su sauya abin da suke ɗauka. Jerin tambaya da amsa muna da shi da yawa. A ɗauki zama guda cikakke da rikoda: amsoshin da aka jefo aka ƙi, garuruwan da aka taya da yadda aka jera su, dalilin da mai tambaya ya bayar na ƙin kowanne, da labarin shiga garin kalma da kalma. A yi haka a Taloka, a yi a Gandi, a yi a Kware, sannan a kwatanta a ga wane gari ne ya fi tsada a bakin yaran kowane wuri, da abin da ake cewa an ci a cikinsa.