Jabun Haure ko Katako: Wace Ƙota Ta Dace da Libarba?

A Amurka, cikin masu sha'awar tsohuwar libarba irin ta kaboyi, akwai wani yayi da ya daɗe yana ƙara ƙarfi. Mutum zai sayi bindigarsa, tun kafin ya san halinta a hannu sai ya kwance katakon da ke mariƙinta ya ɗaura mata farar ƙota mai kama da hauren giwa. Ba hauren ba ne, domin doka ta kusa rufe kasuwarsa. Roba ce da aka narkar aka zuba a mazubi, ko wani haɗin ƙaro na masana'anta da aka yanka aka goge. Gasar harbi ta ƙungiyar SASS, wadda aka kafa a 1987 kuma 'ya'yanta ke fitowa cikin shigar mutanen ƙarni na 19, ta ƙara wa kasuwar armashi. Kamfanin Ruger yana fitar da samfurinsa na Bisley Vaquero da irin wannan ƙota tun daga masana'anta, kamfanonin Italiya irin su Uberti da Pietta ma suna yi, a Jamus kuma ana haɗa wani abu mai suna Elforyn wanda babban abin alfaharinsa shi ne ya ruɗi ido. Ra'ayina shi ne duk mai libarba da ya tsaya tsakanin jabun haure da katako, katako ya kamata ya ɗauka, kuma dalilin ya wuce zancen abin da ya fi burge ido.

A fara da tarihin, tunda da shi masu farar ƙota suka fi kafa hujja. Lokacin da rundunar sojan Amurka ta karɓi Colt Single Action Army a 1873, ƙotarta guntun katakon walnat ce guda ɗaya, an shafe ta da mai. Sama da dubu 37 da rundunar ta saya zuwa 1891 haka suka fito. Daga wajen 1882 kamfanin Colt ya fara sanya wa na farar hula baƙar roba mai tauri. Waɗannan biyun su ne abin da makiyayin shanu da ɗan doka da sojan kan doki suka riƙe a zahiri. Haure kuwa sai an yi odarsa musamman an biya kuɗi na daban, shi ya sa ya zama kayan wanda ke son a gan shi. Wild Bill Hickok ya yi suna da Colt 1851 Navy guda biyu masu ƙotar haure. Janar George Patton ya sayi tasa Colt ɗin a 1916, ya ƙara da Smith & Wesson .357 Magnum a 1935, dukkansu da haure da haruffan sunansa a jiki. Daga baya fina-finan Hollywood suka ɗauki wannan ƙalilan suka mai da shi kamar ruwan dare, domin farar ƙota tana fitowa sosai a allon majigi, mai kallo ya gane jarumi tun daga nesa. Ko ƙotar nan mai ruwan ɗorawa da aka san John Wayne da ita ba haure ba ce, wata roba ce mai suna Catalin. Saboda haka wanda ya ɗaura jabun haure da sunan bin tarihi, tarihin fim yake bi.

Hujjar da ta fi nauyi a ɗaya ɓangaren ita ce jabu yana ceton giwa, kuma ba hujjar da za a yi wa shaguɓe a wuce ba ce. Robar masana'anta ita kanta daga neman madadin haure ta samo tushe. A shekarun 1860 kamfanin Phelan & Collender na New York ya sa ladar dala 10,000 ga wanda zai samo abin da zai maye gurbin haure a ƙwallon biliyad, kuma ƙoƙarin John Wesley Hyatt a kan haka ne ya haifar da seluloyid wajen 1870. A wancan zamani garuruwan Deep River da Ivoryton na jihar Connecticut su ke sarrafa mafi yawan hauren da ke shiga Amurka, galibi daga Zanzibar, suna yanka shi mataji da madannan piyano. Yau ƙwallon biliyad na ƙaro ne, madannan piyano na roba ne, babu mai kewar haure a teburin wasa. To me zai hana ƙotar bindiga bin wannan hanya? Bambancin yana nan: ƙwallo aiki ake nema a wurinta, ta gangara daidai, ta yi tsalle daidai, kada ta tsage. Da aka samu abin da ya fi haure yin wannan aiki, sai buƙatar ta mutu murus, kuma babu mai zana wa ƙwallon yau jijiyoyin haure don a ce ta giwa ce. A ƙotar libarba kuwa ba a taɓa rasa abin da zai yi aikin ba, katako yana nan tun farko. Abin da haure ya kawo shi ne nuna isa. Madadin da ya kwaikwayi alamar isa ba ya kashe sha'awar asalin, yana raya ta ne, domin da asalin ake auna darajarsa. Kama da wane ba ta wane, kuma mai riƙe da jabun ya fi kowa sanin haka. Duk lokacin da aka yaba masa aka ce kai, kamar na gaske, to an sake tabbatar wa duk wanda ke wurin cewa na gasken ne sarki.

Kamannin kuma yana da illa da ake iya nunawa da yatsa. Idan aka yanka hauren giwa a gicciye, ana ganin wasu siraran layuka masu gilma juna kamar saƙar raga, waɗanda ake kira layukan Schreger. Da su jami'in kwastan ke gane haure, har ya bambance na giwa da na mamot, tsohuwar giwar da ta ƙare wadda ake tono haurenta a ƙanƙarar Sibiriya: kusurwar layukan na giwa a buɗe take, ta mamot a tsuke. Masu haɗa jabu mafi tsada yanzu waɗannan layukan suke kwaikwaya, wato shaidar da doka ta dogara da ita. Gaskiya ne ƙwararre mai fitilar gwaji zai iya raba roba da haure idan abin yana hannunsa. Amma ciniki da yawa a hoto ake yin sa. Bayan eBay ya haramta sayar da haure a 2009, ƙungiyar kare dabbobi ta IFAW ta gano masu sayarwa suna fakewa da sunaye irin su ƙashin sa ko jabun haure don su wuce da na gaske. Jihohin New York da New Jersey, da suka yi dokokinsu a 2014, sai da suka haɗa har da hauren mamot, dabbar da babu sauranta balle a ce ana kare ta, saboda kawai ana fakewa da shi. Darasin a fili yake: duk abin da ya yi kama da haure yana iya zama mayafinsa, kuma gwargwadon ƙwarewar jabun, gwargwadon kaurin mayafin.

Wanda ya ga kamar an kambama maganar ɓari biyu na ƙota, ya duba lissafin. Giwayen Afirka sun faɗo daga kusan miliyan 1.3 a 1979 zuwa wajen dubu 600 a 1989, shekarar da yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe. Babbar ƙidayar da aka fitar a 2016 ta samu giwayen daji 352,271 a ƙasashe 18, tare da raguwar kashi 30 cikin 100 tsakanin 2007 da 2014. A 2016 ɗin Amurka ta kusa rufe kasuwarta ta cikin gida, Sin ta rufe tata a ƙarshen 2017, dokar Birtaniya ta fara aiki a 2022. A nan maganar ta taɓa mu, domin dabbar tamu ce. Hauren Adamawa yana cikin kayan da fatake suka riƙa bi da su ta Kano zuwa Tarabulus a ƙarni na 19, garken Yankari yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a Najeriya, kuma a Janairun 2024 gwamnati ta niƙe a Abuja tan biyu da rabi na hauren da aka kama. Manufar niƙewar ita ce a nuna haure ba shi da daraja in ba a bakin giwa ba. Ƙotar da aka yi don a ɗauka haure ce tana faɗin akasin haka. Ba na cewa mai gasar harbi a Texas shi ya kashe giwar Kamaru. Ina cewa ne martabar haure a idon mutane ita ce ke biyan mafarauci, kuma jabu yana cikin masu yi wa wannan martaba hidima.

Ko da an ajiye giwa gefe, a tafin hannu ma jabun bai cika alkawarinsa ba. Waɗanda suka riƙe haure na gaske suna yabonsa da abu biyu: yana da ƙananan ƙofofi da ke shan gumi, don haka ba ya zamewa idan hannu ya jiƙe, kuma yana tsufa tare da mai shi, ya yi ruwan zuma a inda tafi ke zama, ya yi siraran tsage a gindi. Robar zubi ba ta da ko ɗaya. Fuskarta a rufe take, gumi yana kwanciya a kanta, launinta kuma in an so ya yi kamar tsoho sai an rina shi tun a masana'anta an zana masa tsagen ƙarya. Katako kuwa tsufansa nasa ne. A dubi ƙotar walnat da ta shekara talatin a kube: ta yi duhu a inda ɗan yatsan tsakiya ke naɗewa, gefen da ke gogar riga ya yi sheƙi, kaifin zanen da aka sassaƙa ya lafa daidai inda hannu ya fi matsawa. Mai bindigar zai iya ɗaukar zarto ya rage ta inda take cizonsa, ya bi da takardar yashi, ya shafa mai, gobe ta koma kamar haka aka yi ta. Idan ta tsage a wajen ƙusa, gam yana kama ta. Sana'ar ƙota ma a kan katako ta girma. A shekarun 1930 Walter Roper yana sa masu harbi su aiko masa da zanen tafin hannunsu a takarda, masassaƙinsa Mathias Gagne ya fitar da ƙota daidai wannan hannu, kuma har yau masu tara tsofaffin bindigogi suna neman aikinsu ruwa a jallo. Ƙotar mazubi guda dubu ce masu kama ɗaya, hannun mai saye ne zai bi ta.

Za a ce ai katakon ma ba wankakke ba ne, kada a gudu daga gara a faɗa wa zago. Wannan gaskiya ce, kuma dole mai goyon bayan katako ya ɗauke ta. Jan katakon Brazil na dangin Dalbergia ya shiga jerin CITES mafi tsanani tun 1992, sauran dangin, har da kokobolo da masu ƙota ke ƙauna, duk suka shiga ƙarƙashin sa ido zuwa Janairun 2017. A taron da ya yanke wannan hukunci ne aka saka madobiya, wadda aka yi wa sara ba sassauci a Taraba don kasuwar kujeru da gadaje ta Sin. Amma amsar wannan ita ce a zaɓi itace, ba a bar itace ba. Baƙin walnat na Amurka ba ya cikin jerin CITES, ana dasa shi ana sarewa, haka ma mapul. Ƙotar libarba ba ta fi tafin hannu ba, sau da yawa daga ragowar katakon da aka yanke wa doguwar bindiga ake fitar da ita. Mai saye zai iya tambayar sunan itacen da inda ya fito, ya samu amsa madaidaiciya. Kuma wanda ya ɗaura walnat bai sa kowa sha'awar kokobolo ba, domin walnat ba ya da'awar shi wani ne.

Saura hujja biyu da nake ganin suna da gaskiya a ciki. Ta farko ƙarko: katako yana kumbura da damina ya motse da rani, roba ba ruwanta. Haka ne, ko da yake katakon da ya bushe sosai aka shafe cikinsa da wajensa ba ya ba da wahala, kuma robar zubi mai araha takan ɓalle a kusurwa idan ta faɗi ko aka ɗaure ƙusa da ƙarfi. Ta biyu ita ce kyau, domin fari a jikin ƙarfe mai shuɗin duhu abin kallo ne, babu musu. Sai dai fari ba mallakin giwa ba ne. Micarta, wadda kamfanin Westinghouse ya fito da ita wajen 1910 don kayan lantarki, takarda ce ko yadi da aka danne cikin ƙaro. Ta fi katako da haure juriya, kuma mai launin madara tana yin ɗorawa da kanta bisa shekaru, da nata irin layukan da duk wanda ya santa zai gane. Ƙashin raƙumi da na sa suna nan, daga dabbobin da dama an yanka don nama. Akwai kuma holi na Amurka, itacen da ya fi kusan kowane fari, wanda masassaƙa ke sarewa da hunturu su busar da shi da sauri don kada ya yi dabbare-dabbaren toka. Duk waɗannan ana sayar da su da sunansu, kuma iyakar da nake ja ke nan: abu ya amsa sunansa. Inda kawai nake ganin jabun haure yana da wurin zama shi ne gyaran tsohuwar bindigar gidan tarihi wadda ƙotarta ta asali ta haure ce ta karye, ko kayan fim da ke nuna Patton ko Hickok, inda kwaikwayon shi ne aikin kuma an rubuta hakan a takarda. Mai libarbar da zai je filin gasa ranar Asabar ba ya cikin waɗannan, kuma in farin yake so, holi da aka shafe da man da ba ya rina itace zai ba shi.