Farashin Addu'a: Sharhi a Kan Binciken Thunström da Noy

A shekarar 2019 mujallar PNAS ta Amurka ta buga wani gajeren bincike na Linda Thunström, masaniyar tattalin arziki a Jami'ar Wyoming, da Shiri Noy, masaniyar zamantakewa a Jami'ar Denison. Sun gudanar da shi a jihar North Carolina bayan guguwar Florence ta 2018. Aka ba kowane mai amsa tambaya dala 5, aka auna nawa zai iya sadaukarwa domin a yi masa addu'a, ko domin kada a yi masa. Kiristoci sun kimanta addu'ar baƙon Kirista a kan dala 4.36, ta limamin coci kuwa dala 7.17. Waɗanda ba su yi imani da Allah ba, ko suke kokwanto, sun yarda su rasa dala 3.54 domin kada baƙon ya yi musu addu'a.

Aibin hanyar binciken a bayyane yake, ba ya buƙatar dogon bayani. Addu'a ibada ce, kuma abin da aka auna da dala shi ne jin daɗin wanda aka yi wa alkawarinta, ba ita kanta ba. Sai dai ɗalibin da ya tsaya a nan ya rufe takardar ya yi asarar fa'idarta, domin ta tabbatar da abin da mai wa'azi ba kasafai yake tsayawa ya duba ba: akwai mutumin da kalmar "za mu yi maka addu'a" take yi wa nauyi a zuci.

Babban giɓin binciken, idan aka kawo shi Birnin Kudu da Gwaram, shi ne rabon mutane gida biyu, mai imani da marar imani. Wanda ba Musulmi ba a kudancin Jigawa iri-iri ne. Akwai Kirista ma'aikacin jinya ko ɗan hidimar ƙasa a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Wannan idan aka ce a taya mu da addu'a zai yi, ta hanyarsa. Akwai Bamaguje, wanda Joseph Greenberg ya nuna tun 1946, a nazarinsa na Maguzawan ƙasar Kano, cewa ya san Allah a matsayin Maɗaukaki, sai dai buƙatunsa na yau da kullum wajen iskoki yake kai su. Shi "Allah ya ƙara sauƙi" ba baƙuwar magana ba ce a bakinsa. Sannan akwai na uku, wanda ba a cika ambata ba: ɗan gidan Musulmi da shakka ta shige shi, yana amsa "amin" tare da kowa domin shirunsa zai jawo tambaya. Ba'amurken da aka bincika yana da damar cewa ba ya so. Wannan ba shi da ita, domin Hausa ba ta raba gaisuwa da addu'a ba. Dubiya, ta'aziyya, barka da ban kwana duk da sunan Allah ake yin su.

Haka kuma marubutan sun taƙaita a kan wanda ake yi wa addu'a, ba su taɓo wanda ake nema ya yi ta ba, alhali a fiƙihu mas'aloli biyu ne mabambanta. Ta farko hukuncinta sananne ne. Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa ƙabilar Dausu shiriya lokacin da aka nemi ya yi musu mummunar addu'a, kuma ya je duba wani yaro Bayahude da ke yi masa hidima. Muslim ya ruwaito addu'arsa ga mahaifiyar Abu Huraira. Abin da aya ta 113 ta Suratut Tauba ta hana shi ne nema wa wanda ya mutu a kan shirka gafara. Abin lura a ƙissar mahaifiyar Abu Huraira shi ne ba ta wurin lokacin da aka yi addu'ar. Ba sharaɗi ba ne a sanar da wanda aka yi wa, kuma nauyin da binciken ya gano daga sanarwar yake tasowa.

Ta biyu ta fi buƙatar natsuwa. Ibnu Taimiyya, a littafinsa na tawassuli da wasila, ya tafi a kan cewa barin roƙon wani ya yi wa mutum addu'a ya fi, sai in manufar mai roƙon ita ce wanda aka roƙa shi ma ya amfana da lada. In haka ne tsakanin Musulmi da Musulmi, ina ga buƙatar da ake jefa wa taron ma'aikata ko ɗalibai masu addinai daban-daban, har a bi fuskoki ana duba wanda bai ɗaga hannu ba? A nan addu'a ta tashi daga ƙanƙan da kai ga Allah ta koma ma'aunin gane na gida da bare.

Malikiyya sun fi wannan sassauci. A babin roƙon ruwa, Mukhtasar na Khalil ya nuna ba a hana ɗan amana fita tare da Musulmi, sai dai ya tsaya gefe guda, kuma kada ya keɓe da ranarsa. An ba shi wuri saboda fari ya shafi gonarsa kamar ta kowa, amma ba a ɗora masa fitar ba. Manoman Gwaram da suka taɓa fita roƙon ruwa a shekarar da damina ta yi jinkiri sun san wannan tsarin a aikace, ko da ba su karanta Mukhtasar ba.

Thunström ta yi wani binciken daban, bayan guguwar Harvey, inda ta samu cewa Kiristocin da aka sa suka fara yin addu'a sun ba da gudummawar kuɗi ƙasa da ta waɗanda ba a sa ba. Wannan ya fi kusa da ƙorafin da marasa imani suke yawan yi, cewa ana aiko da addu'a a inda ake jiran hannu. Ƙorafin bai shafi ingancin addu'a ba, kuma majinyaci Musulmi da ke jiran a ba shi jini yana iya yin irinsa.