Masu Kwance Harshe

A ƙauyukan Funtua da Malumfashi, idan yaro ya shekara huɗu bai fara magana ba, sai ka ji an ce nauyin baki ne, zai sake. Sau da yawa kuwa sanƙarau ko ƙyanda ce ta taɓa masa kunne. Shi ya sa nake jinjina wa 'yan ƙalilan da suka zaɓi karatun gyaran magana. Wasu har Jami'ar Ibadan suke zuwa, kuma sai sun yi rajista da MRTB, hukumar da ke kula da wannan sana'a, kafin a ba su majinyaci.

Aikin haƙuri ne, irin na mai jiran auduga ta fashe. Mai gyaran magana za ta ɗora tafin yaro a maƙogwaronta ta ce "za", ya ji rawar murya, sannan ta ce "sa", ya ji farkonta iska ce kawai. Haka za su yi ta yi, mako bayan mako. Dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ƙwace masa baki, wanda jiya shi ke ciniki a kasuwar hatsi, da ita zai sake koyon cewa "ruwa".

Ga yaran da ba sa ji kuwa, makarantar kurame ta Malumfashi na nan, inda malamai ke koyar da yara da maganar hannu.